Makullin Ɗakin Saba

Yayana ba ya shan ruwan da bai ga inda aka ɗebo shi ba. Tun muna yara haka yake. In Inna ta ce ta kulle ƙofar gida, sai ya ce to, ya jira ta juya baya, ya je ya girgiza ƙofar da hannunsa. In aka aike shi da ƙulli, sai ya kwance ya duba ya sake ɗaurewa kafin ya kai. Tun bai yi gemu ba aka laƙaba masa Sai-na-gani, sunan kuwa ya bi shi har wurin aiki, har ƴaƴansa sukan faɗa a bayan idonsa. Ni ce autarsu, ni ce kuma na fi kowa ɗanɗana wannan hali nasa, don Allah ya haɗa mu wurin aiki ɗaya.

Wurin gwajin jini ne mai zaman kansa. Ni ina ƙasa a teburin karɓar baƙi, ina rubuta suna, ina miƙa sakamako. Shi yana sama, a ƙarshen baranda, kusa da wani ɗan ɗaki marar taga inda ake ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba. Duk sakamakon da ya fito daga injinan gwaji can yake shiga kafin ya sauko gabana. Ba komai a ɗakin sai ƙarfen da aka ɗora sabar a kai, batura a ƙasa, kujera mai karyayyen hannu, da tsohon esi mai sanyaya ɗakin a bango yana huci ba hutu. Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya yana aljihun Yaya, ɗaya yana hannun mai gyaran esi da wuta. Mai gyaran esin nan shi ne mijina.

Yaya ne ma ya kawo shi wurin. Lokacin da ya fito neman aurena, Yaya ya bi shi ƙwaƙwaf, ya tambayi maƙwabtansa, ya tambayi wanda ya koya masa sana'a, har mai wankin da yake kai wa kaya bai bari ba. Da ya gama ya dawo ya zauna gaban Inna ya ce, "Ban samu komai ba." A bakin Yaya wannan yabo ne mai girma, don ko matarsa ban taɓa jin ya ba ta fiye da haka ba. Daga nan suka shaƙu. Baban yara mutum ne mai sanyin hali da yawan dariya, ba ya kiransa da komai sai Yaya, firjin gidan Yaya kuwa ko tari ya yi sai ka gan shi da jakar kayan aiki. In ana ƙwallo, a falonmu suke kallo, Yaya yana zargin alƙalin wasa, shi yana dariya.

Wata rana Yaya ya ji labarin wani wuri irin namu da aka kutsa cikin sabarsu aka sauya sakamakon mutane. Ranar ko abinci bai ci ba. Kashegari na hau sama kai masa shayi na tarar da shi gaban baƙin allo, ba hoto ba komai, sai farin rubutu, yana buga umarni.

"Me kuma ake ƙullawa?" na ce.

"Zauna ki ji, Auta. Kowace manhaja da aka ɗora wa sabar nan, daga inda aka ƙera ta take zuwa da hatimin kowane fayil nata. Wata doguwar lamba ce. In aka taɓa ko ɗigo ɗaya a cikin fayil, lambar ta canza. Wannan abin da nake ɗorawa aikinsa ke nan, ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da hatimin kowanne, ya gwada da na asali."

"In ya ga daidai fa?"

"Shiru zai yi. Ko kalma ba zai rubuta ba."

"In ba daidai ba?"

"Sai ya kira sunan fayil ɗin."

"Ashe ɗan'uwanka ka samu," na ce. "Ba ya yabo, sai tona asiri."

Bai yi dariya ba, amma na ga abin ya yi masa daɗi. Ni na raɗa wa abin suna Magulmaci, kafin a jima kowa a wurin haka yake kiransa.

Saita Magulmaci shi ne abin kallo. Akwai wani fayil da ake rubuta masa dokoki a ciki: duba nan, ƙyale can, ga abin da za ka lura da shi, ga inda za ka kai ƙara. Yaya ya ƙi rubuta masa ƙyale ko ɗaya. Sai ga Magulmaci yana kai ƙarar fayilolin da sabar take rubuta tarihin aikinta a ciki, waɗanda dama canzawa ce aikinsu, wayar Yaya tana ta ƙara kamar ta mai sayar da kati. Dole ya zauna ya fara cire su. Kowane layi na ƙyale da zai rubuta sai ya daɗe yana kallonsa, ya tashi ya zagaya, ya dawo ya rubuta yana ɓata rai kamar ana cire masa haƙori. Ya umarce shi ya riƙa duba girman fayil, da lokacin da aka taɓa shi, da mai shi, da hatimin. Hatimai na asali ya kwashe su a filashi ya ɗaura a jikin makullansa, wai kada ɓarawo ya gyara fayil ya bi ya gyara hatimin. Ya sa shi ya riƙa zagayawa da safe da kuma bayan azahar.

Magulmaci ya yi shiru, sai shirun ya dami Yaya. Lokaci-lokaci yakan ɓata wani ɗan fayil da gangan don ya ga ko zai yi magana. In ya yi, sai ya gyara fayil ɗin ya sauko ƙasa yana fara'a, har ya tambaye ni lafiyar yara. Haka muka yi watanni lafiya.

Da zafi ya shigo ne abin ya fara. Wata rana bayan azahar wayarsa ta yi ƙara yana tsaye a teburina, ya duba, na ga fuskarsa ta sauya. Magulmaci ya kira sunan wani fayil na manhajar da ke riƙe sakamako. Girmansa bai canza ba, lokacinsa bai canza ba, hatimin ne kawai ya ƙi haɗuwa. Kashegari da safe da aka sake zagayawa, fayil ɗin lafiya ƙalau.

"An taɓa, an mayar," in ji Yaya. "Kuma mai yin ya san aikinsa, tunda har lokacin ya gyara."

Daga ranar wurin aikinmu ya koma kamar gidan da aka yi sata. Ya canza wa kowa kalmar sirri. Ya tsare masu gwaji ɗaya-ɗaya yana tambayar wa suka ba aron kwamfutarsu. Mai shara ta daina hawa sama in ba da rakiya ba. Mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya suka koma kowa yana kallon hannun kowa. Ni kaina in wani ya daɗe a bakin matakala sai in tsinci kaina ina bin sa da ido, don zargi yana yaɗuwa kamar mura. Magulmaci kuwa in ya yi shiru yau, jibi ya kira wani fayil daban, kullum bayan azahar, kullum kafin safiya an mayar.

A daidai lokacin esin ɗakin ya fara gazawa. Baban yara ya gaya wa Manaja cewa esin ya tsufa, sabo ake bukata, Manaja ya ce a lallaɓa. To lallaɓawar yake yi. Duk ranar da rana ta ƙwalle, sai ya biyo bayan azahar ya shiga ya wanke masa raga, ya duba gas, ya fita. Yaya ya zauna ya jera ranakun da Magulmaci ya yi magana, ya jera ranakun da aka buɗe ɗakin da ɗaya makullin, ya ga sun hau kan juna.

Ni ya fara gaya wa cewa Baban yara yake zargi, a baranda, murya ƙasa-ƙasa. Na yi tsammanin wasa yake.

"Yaya, mutumin da ko saƙo a waya sai yara sun tura masa?"

"Ba sai ya iya kwamfuta ba. Ya isa wani ya ba shi filashi ya ce soka nan, ka ƙirga goma, ka zare. Kin san mutum nawa ne ke son a wanke musu sakamako?"

"Kai ka yi bincikensa da ƙafarka."

"Cewa na yi ban samu komai ba. Ban ce babu ba."

Wallahi da ba yayana ba ne da na watsa masa shayin da ke hannuna. Na roƙe shi ya kira shi gefe su yi magana a matsayin surukai. Ya ce ba a gaya wa wanda ake zargi cewa ana zarginsa.

Kashegari Baban yara ya hau sama da jakarsa, ya tarar da Yaya da Manaja tsaye a ƙofar ɗakin, masu gwaji suna leƙe. Ina ƙasan matakala, komai a kunnena. Yaya bai ɗaga murya ba, bai ce ɓarawo ba. Hannu kawai ya miƙa ya ce, "Makullin." Baban yara ya yi ƴar dariyarsa, yana jiran a ce wasa ne. Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya sa hannu a aljihu, ya ɓalle makullin daga cikin nasa, ya ɗora a tafin Yaya. Manaja ya ce ya ɗan dakata da zuwa har a gama bincike. Ya sauko ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Magana ba ta kwana a layinmu. Kafin mako ya zagayo, mai kantin magani na kusa da mu ya kira wani ya duba masa firji. Masu shagon buga takardu da suka saba barinsa shi kaɗai da makullansu suka fara ce masa maigida ba ya nan. Mai gyara ba shi da jarin da ya wuce a buɗe masa ƙofa a tafi a bar shi, wannan kuwa shi Yaya ya karɓe a baranda. A gida Baban yara bai zagi kowa ba, da ma ya zaga da na ji sauƙi. Yakan zauna ya zazzage jakar kayan aikinsa ya goge su ya mayar. In aka fara ƙwallo sai ya ba yara rimot ya fita ƙofar gida. Inna ta kira Yaya ta yi masa faɗa har da kuka, ya sunkuyar da kai ya saurara, da ta gama ya ce, "Inna, jinin mutane ne a ciki." Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba.

Da an zauna lafiya bayan karɓe makullin, da har yau mijina ɓarawo ne a idon duniya. Amma abin sai ya ƙaru. Yaya ya hana kowane mai gyara shiga ɗakin, esin ya ci gaba da nishi ba mai duba shi, Magulmaci ya koma kiran sunaye kullum, har da safe. Wani zai ce to ai ga shi wanda aka kora ba shi ba ne. Ban da Yaya. Shi cewa ya yi ko dai an bar wani abu a ciki yana aiki da kansa, ko an yanka makulli. Ya canza kwaɗon ƙofar. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Wata safiya na zo na tarar da shi zaune a kujerata yana bincikar kwamfutar teburina.

"Har ni, Yaya?"

"Kowa nake dubawa," ya ce, bai ɗago ba.

Ranar na daina kai masa shayi. Gaisuwa ma sai in ta kama dole.

Wata Asabar da rana, an sallami mutane ina shirin tafiya, ya leƙo daga sama ya ce, "Auta, zo ki zame min shaida." Na so in ƙi, amma muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. Da na buɗe ƙofar ɗakin, zafi ya buge ni a fuska kamar na buɗe murfin tukunya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Esin yana ƙara amma iskar da yake fitarwa ɗumi ce. Ya nuna min wayar intanet a zare tana lilo, ya ce tun safe ya cire ta, ya sake ɗora manhajojin daga tushe, kuma ba wanda ya shigo sai shi.

"Kalli allon nan, kada ki ɗauke ido."

Ya buga umarnin ya danna. Muka jira. Magulmaci ya kira sunan wani fayil. Bai taɓa komai ba, ya sake buga umarnin nan dai. Wannan karon wancan fayil ɗin lafiya lau, wani daban aka kira. Ya sake, aka kira wasu biyu da ba a taɓa ambata ba.

"Kin ga hannuna ya taɓa wani abu?"

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba."

Na san shi, na san kansa yana zagaye yana neman wanda zai kama, ga shi ɗakin ba kowa sai ni da shi. Can ya miƙa hannu zai jawo sabar ya duba bayanta, yana taɓa ƙarfen ya janye hannun da sauri. Ya dubi tafinsa, ya ɗaga kai ya dubi esin. Ya kashe sabar, ya kunna ta da wani abin gwaji daga filashinsa. Ba a jima ba jajayen layuka suka fara cika allon.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Ram ne. Ƴan sandunan da take riƙe abu a ciki lokacin da take karantawa. Zafi ya dafa su." Ya nuna jajayen layukan. "Fayilolin lafiyarsu ƙalau tun farko. Wurin karantawa ne take kuskure, in ta yi zafi. Da safe in ta huce sai ta karanta daidai."

"Ranakun da Baban yara yake shigowa fa?"

"Ranakun zafi ne. Zafin ne yake kawo shi."

"Wato shi yake hana abin lalacewa, kai kuma ka kore shi ka kulle ƙofa."

Na gaya masa maganganu a ɗakin nan waɗanda ƙanwa ba ta gaya wa yayanta, ba zan maimaita su ba, ban kuma janye ko ɗaya ba. Ya zauna gumi yana ɗiga daga gemunsa yana ji. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa bayan na gama shi ne, "Dole a sake duba sakamakon duk makonnin nan." Na tsane shi a lokacin, kuma na san da ba don irinsa ba da ba wanda zai tuna da wannan. An sake dubawa, an kira waɗanda ya kamata a kira.

Zan faɗi gaskiyarsa. Ran Litinin ya tara Manaja da masu gwaji da mai shara a barandar nan, daidai inda ya karɓi makullin, ya ce ba wanda ya taɓa sabar, shi ne ya yi kuskure, mutumin da aka kora ba shi da laifi. Ya taka da ƙafarsa ya gaya wa mai kantin magani, ya gaya wa masu buga takardu. Da yamma ya zo gidanmu. Baban yara ya tare shi da fara'a, ya shimfiɗa masa, ya sa yara suka gaishe shi. Yaya ya yi ta bayanin ram da zafi da hatimi, ya kewaya ya kewaya, da ƙyar ya kai ga cewa, "Na zalunce ka." Baban yara ya ce, "Ya wuce, Yaya. Allah ya yafe mana." Na ji sanyi a raina, na ɗauka shi ke nan.

Manaja ya sayi sabon esi ba tare da an sake roƙonsa ba. Ranar da za a ɗaura, Baban yara ya hau sama da jakarsa, ina biye da shi da shayi. Yaya ya ciro sabon makulli, wanda ya yanka da kansa, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Naka ne. Ka shiga duk lokacin da ka ga dama. Ni zan sauka ƙasa har ka gama."

Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. A iya sanina Yaya bai taɓa juya wa mutum baya a ɗakin da yake tsaro ba. Baban yara ya dubi makullin, ya yi murmushi, ya mayar da hannayensa baya.

"A'a, Yaya. Riƙe abinka. Ka buɗe min, ka tsaya ka ga abin da nake yi."

"Ai na ce na yarda da kai."

"Na ji. Amma gobe in abin nan ya sake kiran wani suna, ina so a ce kana wurin."

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Yaya ya tsaya da makullin a hannu har na ji kunya ta kama ni, sannan ya juya ya buɗe ƙofar da kansa.

Magulmaci ya yi shiru tun da aka sauya ram ɗin, Yaya kuma har yanzu yakan ɓata ɗan fayil ya gwada shi. Sun koma kallon ƙwallo a falonmu, firjin gidan Yaya ba ya kwana da ciwo. Makullin nan na biyu kuwa yana rataye a jikin na Yaya, kusa da filashin, ba wanda ya sake karɓarsa. Duk ranar wankin esi Baban yara yakan tsaya a baranda ya jira a buɗe masa. Yaya ya shiga da shi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya fuskarsa bango yana latsa waya kamar mai karanta wani abu. Daga ƙasa ina jin muryar mijina, a hankali, da ladabinsa.

"Juyo, Yaya. Zan kwance wannan."